Tsintsiyar da Ta Ƙi Share Gulmar Oga

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na rubuta wasiƙar nan na goge har na gaji, domin duk karantawar da na yi sai in ga wata magana da ban tabbatar ba, ni kuma ba na son faɗin abin da ban gani da idona ba. Ki yi haƙuri da tsawonta. Kuma kar ki buga sunana, don in aka gane ni ba ofis kaɗai zan rasa ba, har da ɗakin kwanana.

Bara na gama jami'a, kimiyyar kwamfuta na karanta. Mijin yayata, wanda nake kira Yaya Injiniya, shi ne babban injiniya a wani ƙaramin kamfani. Shi ya kai takarduna aka ɗauke ni aikin gwaji. A gidansu nake zaune, a ɗakin da ke jikin kicin, kuma a motarsa muke zuwa aiki, yana tuƙi yana bin waƙar rediyo da muryar da Allah bai ba shi ba, ni ina baya rungume da jakar kwamfuta. Ƙarshen watan nan wa'adin gwajina zai cika, shugaban sashenmu, Oga, ya ce a riƙe ni ko a sallame ni.

Bari in bayyana aikin, don sai da shi za ki gane damuwata. Akwai manyan kamfanoni da ke ba da hayar kwamfutoci ta intanet. Ba ka ganin injin, kai dai ka yi aiki da shi daga inda kake zaune. Su ake kira masu gajimare. Mu kuma muna shirya wa abokan ciniki abin da ake kira imej, wato kwafin babbar manhajar kwamfuta wanda aka saka wa duk abin da ake buƙata, aka rufe ƙofofin da ya kamata a rufe, aka share shi tas. Daga kwafin nan ɗaya ake buga kwamfutoci ɗari ko dubu, kamar yadda mai bulo ke buga bulo da mazubi guda, duk abin da ya maƙale a mazubin sai ya fito a jikin kowane bulo. Ba da hannu ake haɗa imej ba. Akwai doguwar takardar umarni da muke kira sikirif, ita ke bin aikin daga farko: ɗauko wannan, saka wancan, rufe waccan ƙofa, daga ƙarshe a yi shara.

Sikirif ɗinmu Yaya Injiniya ne ya rubuta shi tun ina sakandare, kuma don gidan gajimare ɗaya ya yi shi, wanda a ofis ake kira Gidan Kaka saboda daɗewar da aka yi ana hulɗa da shi. To sai wani babban abokin ciniki ya ce yana son imej ɗin nan ya yi aiki a wasu gidaje biyu, waɗanda muke kira Gidan Soja da Gidan Ɗan Gayu. Aka ba ni aikin daidaita sikirif ɗin, aka ce da shi za a auna ni.

Anti, na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba. Kowane gida da halinsa. Gidan Soja ba ya karɓar faifai, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, sai girmansa ya cika daidai, in ya ɗara ko da ƙiris ne sai ya wurgo maka da shi, ba bayani, sai wata lamba kawai. Gidan Ɗan Gayu kuma sai ka matse fayil ɗin ka raɗa masa sunan da yake so, gobe ka dawo ka tarar ya sauya wa maɓallansa wuri. Sikirif ɗinmu da suna yake neman faifai, alhali sunan da Kaka ke kiran faifai daban, na Soja daban, shi ya sa kwamfutar farko da na tayar ta tsaya tana neman abin da yake gabanta. Na gyara, na sa ta nema da alamar da muka manna wa faifan. Haka kuma kowane gida yana da ɗan aikensa, wata ƙaramar manhaja da ke tashi da kwamfuta ta tambayo mata sunanta da makullinta, ita ma na saka wa kowa tasa. Duk wannan ya tafi daidai, in ban yi kuskure ba.

Ranar farko da kwamfuta ta tashi lafiya a Gidan Soja, har na ɗan yi rawa a kan kujera, ba wanda ya gani. Na shiga cikinta. Maimakon 'yar gaisuwar kamfani da ta saba fitowa a baƙin allo, sai ga rubutu ya cika allon. Layin farko cewa ya yi: "Barka da zuwa. Oga A-Taƙaice ya kira taron minti biyar, kowa ya taho da abincin rana." Na biyu: "Duk wanda ya ga Oga ya cire murfin alƙalami ya nufi farin allo, ya kira gida ya yi sallama da iyali." Wani kuma: "Ya ce magana biyu kacal zai yi. Muna kan ta sha ɗaya, an aika a sayo ruwa." Haka suka jeru, wasu ma ba zan iya kwafo miki ba, akwai wanda ya taɓo tumbin Oga da yadda yake shigowa ɗaki kafin shi.

Ya kamata in yi adalci. Oga mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma gaskiya ne duk maganar da zai yi da "a taƙaice" yake buɗe ta, kuma gaskiya ne ban taɓa ganin ya taƙaita ba.

Na bi diddigi. Ashe akwai wani fayil a cikin kayan sikirif ɗin mai suna bango. Al'adar ofis ce: duk wanda ya gama aiki mai wuya sai ya ƙara layi ɗaya a bango, yawanci na tsokanar Oga. Bangon yana fitowa ne lokacin da ake gwada imej, su karanta su yi dariya, sannan shara ta kwashe shi kafin a kai wa abokin ciniki. Sabon ma'aikaci ba a nuna masa sai an tabbatar da shi, don haka a ƙa'ida ni ban san da shi ba. Wurin da muke ajiye sikirif yana riƙe tarihin wanda ya rubuta kowane layi, na duba, mafi yawansu da mafi zafinsu na Yaya Injiniya ne. Ko ban duba ba ma na san bakinsa, shi ne fa mai kiran yayata Ministar Cikin Gida a gaban baƙi.

Ni ma ban tsira ba. Kusa da ƙarshe an rubuta: "Sabuwar yarinya, Malama In-Ban-Yi-Kuskure-Ba, ta nemi izinin firinta kafin ta danna." Anti, ban nemi izinin firinta ba. Bismilla na yi, ta ɗan fito da ƙarfi. Na ji haushi, sannan na ji wani daɗi da ban san dalilinsa ba, wai har na isa a sa ni a bango. Akwai kuma layi ɗaya can ƙasa da ban gano mai shi ba, domin da asusun ofis na kowa da kowa aka shigar da shi. Cewa ya yi: "A taƙaice dai, ku koma bakin aiki."

Ga dalilin da ya sa bangon ya tsallake. Matakin ƙarshe na sikirif, wanda muke kira tsintsiya, ba shi ke sharar da kansa ba. Wani kayan aiki na Gidan Kaka yake kira ya share masa. A Gidan Soja da Gidan Ɗan Gayu babu wannan kayan aiki. A gefen kiran kuma Yaya Injiniya ya rubuta umarnin da ke nufin in abin ya gaza a wuce kawai, kar a yi ƙorafi. Saboda haka sikirif ya kira, ba wanda ya amsa, ya wuce abinsa, ya kunna koriyar alama wai komai ya kammala. Na sake ginawa a gidajen biyu don in tabbatar, sakamakon bai sauya ba. Af, a wurin da bangon yake zama akwai makullin gwaji na shiga kwamfuta da kalmar sirrin asusun da muke gini da shi, su ma suna nan ba a kwashe ba. Na san wannan ma matsala ce, amma ba ita ke hana ni cin abinci ba.

Har yanzu ba a miƙa wa kowa komai ba. Amma ranar miƙawa ta matso, kuma Oga da kansa zai tayar da kwamfutar farko a babban allon ɗakin taro, a gaban mutanen abokin cinikin, da mu duka a zaune.

Za ki ce in goge bangon mana. To a ofishinmu akwai dokar ido biyu, tun kafuwar kamfanin: ba layin da ke shiga sikirif ko ya fita sai Oga ya duba ya amince, kuma sai mai gyaran ya rubuta dalilinsa. In na goge fayil ɗin, duk layukan da na cire za su bayyana a gaban Oga da jan launi, kowanne da sunan mai shi, ga sunana a sama a matsayin wadda ta kawo. Ke nan na ɗauki mutumin da ya samo mini aiki, nake cin abincin gidansa, na ajiye shi a teburin Oga. Na gwada cusa gogewar cikin wasu gyare-gyare masu yawa in rubuta wai tsaftace tsoffin fayiloli ne, sai hannuna ya ƙi. Ba ƙarya ba ce zalla, amma ba gaskiya ba ce, kuma in ya tambaye ni fuskata za ta faɗa masa kafin bakina.

Na so in gaya wa Yaya Injiniya. A mota na fara, muna tsaye a danja, na ce tsintsiya ba ta aiki a Gidan Soja. Ya tambaye ni ko alama ta yi kore, na ce ta yi. Ya ce to ke Malama me kike nema kuma, sikirif ɗin nan yana aiki tun ba ki iya ɗaurin ɗankwali ba. Ya ƙara muryar rediyo. Na kasa cewa na ga bango, tunda bai kamata a ce na gani ba. A gida kuma yayata ta lura ina juya cokali a faranti, ta ja ni kicin ta ce ko wani ne a ofis, in faɗa mata ko waye ta bincika asalinsa. Saura kaɗan in faɗa mata, sai na tuna ita ba ta iya riƙe magana har a kwashe kwanuka, a teburin cin abinci za ta tare mijinta, ni kuma ina tsakiya.

Akwai abin da nake jin kunyar faɗa. Wani lokaci shaiɗan yana raya mini in yi shiru, in zauna a kujerar baya ranar miƙawa, in ga fuskar mai cewa ban iya ɗaurin ɗankwali ba idan bango ya fito a babban allo. Har layi na tsara masa a raina, kuma gaskiya ne, a gabana aka yi: "Babban Injiniya ya tayar da kwamfuta dubu, kyankyaso ɗaya ya hau da shi kan kujera yana kiran Minista." Sai in tuna zai iya rasa aikinsa ko mutuncinsa, 'ya'yan yayata suna makaranta, in yi istigfari.

Anti, yaya zan yi in gyara aikina ba tare da na tona masa asiri ba, kuma ba tare da na yi ƙarya ba? In na yi shiru ya kunyata, in na yi magana ni na kunyata shi.

Taki,
Malama In-Ban-Yi-Kuskure-Ba

*

'Yata Malama,

Na karanta wasiƙarki na yi dariya har na cire tabarau, sannan na mayar da shi na sake karantawa, domin akwai wurin da ba na dariya ba ne. Ni ban san aikin gajimare ba, amma kin yi bayani yadda ko ni na gane, kuma abin da na gane shi ne kin ɗauki babbar magana kin tura ta lungu da "af", kin ɗauki ƙarama kin ɗora a ka.

Gulmar Oga kunyar wuni ɗaya ce. Makulli da kalmar sirri da suka rage a cikin imej, waɗanda za a buga a jikin kwamfutoci dubu na mutanen da suka amince da ku, su ne abin da ya kamata ya hana ki cin abinci. Kuma a nan mafitarki take. Ba bango ne ya lalace ba, tsintsiya ce. Ita za ki gyara. Ki sa ta yi shararta da kanta a gidajen uku, ba da aron kayan Kaka ba. Ki cire umarnin nan na a wuce a yi shiru, in shara ta gaza sikirif ya tsaya ya yi ihu. Ki ƙara dubawa a ƙarshe da za ta tabbatar wurin ya zama wayam, kuma ki ba da shawarar a sauya wannan makulli da kalmar sirrin. Sai ki rubuta dalilinki yadda yake: shara ba ta gudana a sababbin gidaje, kayan sirri suna ragewa a imej. Wannan gaskiya ce cikakkiya, hannunki ba zai ƙi ta ba. Tsintsiyar da ta kwashe makulli za ta kwashe gulma tare da shi, ke kuwa ba ki taɓa fayil ɗin kowa ba. In Oga ya tambaye ki kai tsaye me kuma ya rage a wurin, ki faɗa masa, kar ki ƙara kar ki rage.

Yanzu mijin yayarki. Ban ga mugunta a abin da ya yi ba. Ofishin da ba a tsokanar shugaba a cikinsa ban taɓa ganinsa ba, kuma sau da yawa wannan tsokanar ce ke sa mutane su jure wa juna. Amma ya yi kuskure biyu: ya ajiye wasa a cikin kayan abokin ciniki, kuma ya ƙara rediyo lokacin da injiniya take kawo masa rahoto. E, injiniya na ce. A mota ƙanwar matarsa yake gani, shi ya sa bai ji ki ba, ke ma kin zaɓi wurin ne don ki samu hanyar gudu. Ki same shi a ofis, a teburinki. Ki tayar da kwamfuta a Gidan Soja, ki ja masa kujera, ki ce Yaya don Allah shiga da kanka. Kar ki ce komai. Allon zai yi magana, kuma fuskar nan da kike marmarin gani za ki gan ta ke kaɗai, ba tare da kowa ya rasa abincinsa ba. Daga nan ki nuna masa makullin, ki nuna masa gyaranki, ki ce bangon nan ya kamata ya tashi daga cikin sikirif ya koma wani wuri, kuma shi zai ɗauke shi da hannunsa da sunansa. Yayarki kuwa ki bar ta da zargin akwai wani a ofis, ya fi mata daɗi.

Sai Oga. Kin ce tun kafuwar kamfanin ba layin da ke shiga sai ya duba ya amince. To layukan bangon ta taga suka shiga? Ke mai bin diddigi ce, ki koma tarihin ki ga wanda ya amince da su. Ko dai ya karanta kowanne ya sa hannu, ko yana sa hannu ba ya karantawa, in kuwa haka ne jan rubutun da kike tsoro ma ba zai gani ba. Ni na fi zaton na farko. Mutum ya fi kowa sanin sunan da ake kiransa a bayan idonsa, kuma layin nan na ƙasa da ba ki gano mai shi ba, mai cewa a koma bakin aiki, ina kyautata zaton nasa ne. Amma ki lura, abin da shugaba zai yi wa murmushi a cikin gida ba zai yafe shi a gaban baƙi ba. Don haka shirun nan da shaiɗan ke raya miki, ki mayar masa da abinsa. Ranar da bango ya fito a babban allo ba za a tambayi wanda ya rubuta gulma da farko ba, za a tambayi wadda aka ba aikin daidaita sikirif. Ki miƙa gyaranki gobe, kar ki jira jibi.

Maganar kyankyaso kuma, ban ce ki yar da ita ba. Ki adana. Al'adarku ta ce wanda ya gama aiki mai wuya shi ke ƙara layi, ke kuwa kin gama. Ranar da aka tabbatar da ke aka kai ki gaban sabon bango, ki yi mamaki kamar ba ki taɓa gani ba, sannan ki rubuta naki da sunanki, ki yi bismilla da ƙarfi kafin ki danna.

Allah ya sa a riƙe ki, ya bar zumunci tsakaninki da gidan yayarki, ya ƙara miki wannan tsoron kuskure daidai gwargwado. In kuma Oga ya kira ki taron minti biyar don ya sanar da ke sakamako, ki tafi da abincin rana.

Antinki